Hannun Mai Aski da Littafin Malama

Mai girma shugaban taro, manyan malaman wannan cibiya, ɗaliban da ake yayewa yau a fannin warkar da damuwar zuciya ta hanyar zantawa, iyaye da 'yan uwa, har da ku na baya da kuka zo don lemon kwalba, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa wa mai aski lasifika. Ban sani ba ko an yi shawara kafin a yi haka, domin mu ko babu lasifika ba ma barin kunne ya huta.

Ga abin da ya kawo ni. Wata rana ina gyara wa wani dattijo gemu, ya yi atishawa, aska ta shige shi a wuya, sai da aka yi masa ɗinki. Dattijo ya warke, ya yafe, amma hannuna ya ƙi yafewa. Da na ɗauki aska sai ya kama rawa, gabana ya faɗi, gumi ya keto. Masu zuwa aski suka watse, shagon da na gada daga mahaifina ya kama hanyar rufewa. Na ji tsoro ƙwarai, na ji kunya. Matata ce ta tiso ƙeyata zuwa nan, aka haɗa ni da wata ɗaliba da ke cikinku yau, wadda nake kira Malama. Tana da littafin da ya tsara yadda ake tunkarar tsoro mataki-mataki.

Darasi na farko, ɗalibai, daɗin hira ba magani ba ne. Malama ta iya sauraro, ni kuwa na iya zuba. Da ta buɗe littafi sai in ce, "Malama, na ba ki labarin angon da ya yi barci ina tsakiyar yi masa aski?" Mu yi ta dariya har lokaci ya ƙare. Nakan fita raina fes, hannuna na nan yadda yake. Babban malaminsu, mai sauraron muryoyin da ake ɗauka don duba aikin ɗalibai, ya kira ta ya ce, "Hirar ta yi armashi. To, ina maganin?"

Na biyu, littafi ba shi da ido. Malama ta dawo fuska a murtuke, tana karanto mini tambayoyi kamar mai kiran suna a aji. Ta ajiye aska a kan tebur ta ce, "Yau ranar riƙewa ce." Ina kyarma, ita tana duban shafi. Na ce zan ɗan zaga, ban tsaya ko'ina ba sai gidana.

Ita ta kira ni a waya. Ta ce, "Baba, na yi gaggawa. Ba za mu tsallake mataki ko ɗaya ba, amma da irin tafiyarka za mu bi su. Labari kuma sai bayan aiki." A nan na fara ganin gwaninta: ido ɗaya a kan tsari, ido ɗaya a kan fuskata. Na kalli aska, na taɓa ta, na riƙe ta. Ta hura balan-balan ta shafa masa kumfa, na yi ta askewa. Waɗanda suka fashe, Allah ya ji ƙansu. In na ɗauko labari don in zille, sai ta ce, "Ajiye shi tukuna, Baba, ja numfashi."

Aka zo matakin ƙarshe: wuyan mutum mai rai. Ƙanena ya ce tafiya ta kama shi. Maƙwabcina ya ce ai shi ya yanke shawarar tara gemu. Malama ta nufi ofishin babban malami ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce ba a tsallake mataki."

Jama'a, ya zo! Ya hau kujerata, na ɗaura masa ƙyalle, na shafa kumfa. Ina ɗaga aska sai na ga ƙyallen na rawa. Na duba hannuna, ko motsi ba ya yi. Ashe malam ne ke kyarma. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ranka ya daɗe, ja numfashi a hankali. Tsoron zai hau, zai kuma sauka da kansa." Na aske shi tas, ko ƙwarzane babu. Da ya fita na rufe ƙofa na yi kuka, washegari na buɗe shago.

Allah ya ba ku kunnen sauraro, ya ba ku ƙarfin tsayawa kan tsari, ya sa duk wanda ya zauna gabanku da nauyi ya tashi da sauƙi, ya kuma mai da kowa gida lafiya da wuyansa cikakke.

Na gode.