Zanen Zuwa Banki

A bencin jiran mota, ƙofar wani banki a garin Pekalongan da ke bakin teku, wata budurwa ta matsa kusa da wata tsohuwa.

"Iya, lafiya kike kuka?"

"Ke dai bari, 'yar nan. Tun da ruwan teku ya cinye rumfarmu nake makara wajen biyan bashin bankin nan, kowane wata sai sun ci ni tara. An ce in mutum na cikin ƙunci suna mayar masa."

"Suna mayarwa, sun mayar wa yayata. Ke me suka ce miki?"

"Yaron da ke aiki a ciki ya dube ni sama da ƙasa, ya ce mai ɗaura zanen batik mai tsada na aikin hannu ba ta san wahala ba."

"Haba Iya! Wa ke zuwa kukan talauci da kwalliya? Yayata da silifas ɗin wanka ta zo."

"In shiga gaban manya da tsumma? Ba haka aka rene ni ba."

"To ki sayar da zanen mana, ki huta."

Tsohuwar ta shafa zanen a kan gwiwarta.

"Da shi muka lulluɓe gawar Kasmuri, mijina. Shi kaɗai ruwan ya bar mini."