Baturiyar da Ke Amsa Wayar Inna

Salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, iyayena da 'yan'uwana.

Sunana Rahila. A nan unguwar Ladjifarani nake, ina koyar da yara. Mahaifiyata, Inna, tana ƙauyenmu a Kolokondé, can bayan Djougou. Ba ta yi karatu ba. Da na saya mata waya, na ɗaura lambata a maɓalli ɗaya: ta danna, ta riƙe, sai ta ji muryata.

Bara Ishaya, wanda zan aura, ya tafi aiki Abidjan. Ni kuwa mai son doguwar hira ce. Ko ruwa aka yi, ina so in ba shi labarin ƙamshin ƙasa. Kiredi, wato kuɗin kira, ba ya isata.

Wata rana a bakin kasuwar Arzèkè, wani saurayi sanye da rigar kamfanin waya ya kira ni daga ƙarƙashin laima.

"Ma sœur, 'yar'uwata, wannan fuskar tana kewar wani a ƙasar waje. Ƙarya nake?"

Na yi dariya.

"To ga sabon layi, kyauta! Kiran Abidjan kamar kiran maƙwabta. Kawo wayar in sa miki. Tsohon sim ɗin jefa shi a kwalin nan ki shiga ƙuri'ar tombola, babur ake ci."

Na jefa, 'yan'uwa! Ban tambayi komai ba, shi ma bai ce garaɓasar ta ɗan lokaci ce ba. Da ta ƙare, saƙonni suka yi ta shigowa: ƙara kaɗan a ninka miki, amma ki cinye kafin gobe. Na zama baiwar saƙon nan. Ina surutu don kada mintoci su mutu, ko ba ni da abin faɗa. Addu'ar safe ta gajarce. Kiran Inna kuwa daga sabon layin akwai tsada, kullum sai in ce gobe.

Wata Lahadi muna addu'a a ɗakin nan, na ce, "Ubangiji, bakina ya cika da magana, me ya sa zuciyata babu salama?" Ban ji wata murya ba. Yatsan Inna kawai na gani a raina, yana danna maɓalli.

Washegari na hau mota zuwa Djougou, na kama zem, wato acaɓa, zuwa gida. Na same ta kwance, zazzaɓi ya ramar da ita. Ta juya wa ƙofa baya.

"Inna, ni ce."

"Kin sallami Baturiyar taki?"

"Wace Baturiya?"

"Wadda kika ajiye tana korata. In na danna, ita ke amsawa da Faransanci. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na ce mata ba ni da lafiya, ta ci gaba da maganarta. Sai na ce, to, yarinya ta yi boko, ta gaji da ni."

Wayyo Allah! Na durƙusa ina kuka, na ce na'ura ce, Inna, ni na yar da lambar. Ta ɗora tafinta a kaina.

"Shi ya sa ba ta da ladabi."

A ranar na kai ta asibiti. Ubangiji ya tashe ta, Halleluya! Na ɗaura mata sabuwar lambata a maɓallin. Ya kuma kwance ni daga bautar garaɓasa. Ni da Ishaya yanzu hirarmu gajera ce, kuma ta fi daɗi.

Ina roƙonku, in an miƙo muku kyauta a bakin hanya, ku tambaya yaushe za ta ƙare, ku tuna wanda zai neme ku a tsohuwar lamba. Ku dogara ga Ubangiji, yana taɓa zuciya kafin lokaci ya ƙure.

Na gode wa Yesu. Yau da safe Inna ta kira ni don kawai in san doyarta ta yi tsiro. Amin.