Jan Alƙalamina Ya Ja Mini

Malam mai gabatarwa, gaisuwa daga birnin Lyon na ƙasar Faransa.

Ni tsohon malamin makaranta ne. An shirya dawo da ofishin taimakon gajiyayyu daga Bron, can bayan gari, zuwa unguwarmu a tsakiyar gari, sai maƙwabta suka ƙi, wai unguwar ba ta layin mabuƙata ba ce. Wata maƙwabciyata ta kawo mini takardar ƙin amincewarsu. Na ga kurakuran Faransanci uku, na gyara da jan alƙalami, na sa hannu a ƙasa yadda na saba a aji.

Ta ce, "Madalla, ashe kai ma ba ka so!"

Ofishin bai dawo ba. Har yau bas biyu nake hawa da ciwon gwiwa zuwa ofishin don sabunta takarduna. Na gaji. Masu sauraro, ta yaya ake janye sa hannu?