Sunan da Na Kasa Kira Ranar Zaɓen 'Yan Wasa

Assalamu alaikum. Shugaban taro Dokta Aminu, malamanmu da fastocinmu, iyaye mata, masu horar da matasanmu ƙwallon kwando, jama'ar Lanham da ta Gaithersburg, ina gaishe ku gaba ɗaya. Ina godiya da kuka ba ni wannan dama, ni Maitama, kocin Lanham.

Wata biyar ke nan ana muhawara a kaina, a gidan suna, a bakin masallaci, a harabar coci. Kun san ƙa'idar gasarmu: ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓar ɗan wasa. Mu ne muka fara bana, kuma na zaɓi Chollom. Gaithersburg suka ɗauki wanda na tsallake, suka ci kofi da shi.

Wasu na cewa da na ɗauke shi, da kofin yana Lanham. Wasu na cewa mutum ɗaya ba ya gyara ƙungiyar da ba ta iya tsaron gida ba. Ku ci gaba, ba zan hana ku ba. Sai dai ku bar Chollom ya huta, yaron ya yi mana wasa da dukkan ƙarfinsa.

Abin da na zo faɗa shi ne, wanda na tsallake ɗana ne na fari. Na san ya fi kowa. Amma ni ma ɗan fari ne, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, ban kuma taɓa shakkar ƙaunarsa ba. Da aka miƙo mini lasifika ranar zaɓe, kunya ta riƙe mini baki. Ta yaya zan kira ɗan farina a gaban dattawa, in ce shi ne gwani?

Shi kuwa a nan ƙasar Turawa aka haife shi, bai san wannan karar ba. A mota ya ce mini da Turancinsu, "Baba, kowa ya ga na isa, ban da kai." Tun ranar sai gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Jama'a, tsoro nake ji. Watan Agusta zai tafi jami'a mai nisa, kuma ina tsoron ya tafi da wannan a ransa. Ina tsoron ya daina dawowa hutu. Ina tsoron in mutu yana zaton na raina shi.

Ga shi can bakin ƙofa, ban sani ba ko zai tsaya ya ji. Dattawa, ku yafe mini rashin kunya.

Khalil. Khalil, ɗana. Kai ne gwani, kuma na sani tun kafin ranar. Ni ne na yi kuskure.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su fahimce mu tun muna raye, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.