Gafasa Ta Ƙwace Mana Badaru

Jawabin Malam Usaini Hadi, a madadin tsofaffin ma'aikatan lafiya na Gaya, a taron tunawa da marigayi Alhaji Badaru Abdulmumin da aka yi a Gafasa

Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa, wanda gare shi za mu koma. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma wakilin Hakimi, mai girma Dagacin Gafasa da masu unguwanninsa, limamanmu da malamanmu, wakilan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan fansho, Hajiya Lami uwargidan marigayi da ke jin mu daga cikin gida tare da sauran mata, Musbahu da ƙannenka, mai masaukinmu Malam Bubayero, jama'ar Gafasa, da 'yan uwana mutanen Gaya da muka yi ayari muka taho, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An zaɓe ni in yi magana ba don na fi kowa iya baki ba, sai don na fi kowa daɗewa da marigayi. Tare aka kai mu firamare, tare muka shiga aikin lafiya, shi duba-gari, ni malamin ɗakin shan magani, kuma a shekara ɗaya muka ajiye aiki. To, tunda ni aka miƙa wa, zan faɗi abin da ke ranmu ba tare da kwana-kwana ba. Mu mutanen Gaya da kishi muka zo wannan taro. Malamai sun karantar da mu cewa hassada ita ce ka so ni'ima ta gushe daga ɗan uwanka. Wannan kam Allah ya tsare mu da ita. Namu kishi ne irin na wanda ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, da amfani ya nuna sai ya ga an kai shi rumbun maƙwabci.

Ku mutanen Gafasa ba ku san Badarun da muka sani ba, bari in ba ku labarinsa.

Ya kasance duba-garin da mata ke jin sallamarsa su ruga su wanke randa. Ya kasance idan ya shiga gida, bai fita ba sai ya leƙa kwata, ya leƙa makewayi, ya ɗaga murfin tukunya. Ya kasance ba a san shi da sani ko sabo ba a bakin aiki. Shekarar da amai da gudawa ya faɗa Kademi, can ya tare har cutar ta lafa, kuma rijiyar farko da ya sa aka rufe ta kawunsa ce. Tsohon ya yi fushi da shi har aka yi girbi, amma a gidan ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ya kasance mai fararen kaya, mai ƙyamar datti, wanda ba ya zama a benci sai ya karkaɗe. Ya kasance kuma abokin gabar tsohon gini. In ya ga tsaga a bangon ƙasa, ya shafa mata jan fenti, to, an gama magana, sai rushewa. Ni da nake tsaye a nan, shi ya sa na rushe zauren mahaifina na gina na bulo da siminti.

Wannan shi ne mutumin da Gaya ta raina, ta ci moriyar ƙarfinsa, ta sha faɗansa.

Da muka yi ritaya, sai muka kafa majalisa a gindin darbejiyar da ke kusa da tsohon ɗakin shan magani. Kun san hirar tsofaffin ma'aikata: an biya fansho ko ba a biya ba, jinin wane ya hau, wane ya rasu, sai siyasa. Mu zaman ya karɓe mu. Badaru bai karɓe shi ba. Ya rinƙa ramewa, ya daina sa baki a hira, sai ya zuba wa kwatar bakin titi ido kamar mai jiran a ba shi izini. Hajiya Lami ta taɓa aiko mini cewa in taimaka in riƙa fita da shi, don ya fara duba-gari a madafarta safe da yamma.

Haka ya sa wata damina na ja shi muka zo ta'aziyya nan Gafasa. Da ƙafata na kawo muku shi, jama'a, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Muna komawa wajen mota, muka wuce ta wannan wuri da muke zaune. Ruwan da aka yi ya kayar da tsohon zauren gidan nan, ɓaraguzai sun tare hanya. Sai na waiwaya ban ga Badaru ba. Yana tsugune da fararen kayansa a cikin taɓo, ya juya wani ɓallin bango, yana bin zanen da ke jikinsa da yatsa. A mota, sai da muka kusa gida, sannan ya ce mini:

"Usaini, na sa an rushe irin wannan ba iyaka, amma ban taɓa ganinsu ba. Tsaga kawai nake nema."

Mai gidan shi ne Malam Bubayero, ga shi nan zaune. Bafulatani ne da mahaifinsa ya zauna a Gafasa ya kama noma, ga 'yan shanunsa kuma bai rabu da su ba. Da rani ya kama, ya kira magini don a tayar da zauren da ƙasa kamar yadda yake a da. Ran da aka fara aiki sai ga Badaru ya sauko daga mota, ya roƙi maginin ya bar shi ya sa hannu.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika Gaya. Wasu suka ce duba-gari ya zama lebura. Wasu suka ce ai ritaya takan taɓa ƙwaƙwalwa. Musbahu, kana nan, ba zan yi maka ƙarya ba: ka zo gidana ranka a ɓace, ka ce a wurin aiki ana yi maka ba'a, ka roƙe ni in je in dawo da mahaifinka. Na ce maka ka kwantar da hankalinka, ni ba ya musa mini.

Na iske shi ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana tattaka laka da ciyawa, ƙasa har gemu. Yana dariya. Rabona da jin irin wannan dariya a bakinsa tun muna yara muna wanka a kududdufi. Can sai Malam Bubayero ya fito da ƙwaryar fura da nono, suka zauna suna karɓa-karɓa da ludayi ɗaya. Badarun da ya kori masu fura daga bakin asibiti saboda ƙuda! Suna ta wani barkwanci nasu a kan wata saniya mai taurin kai, wanda ni ban san tushensa ba. Suka yi mini tayi da mutunci, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ni ne baƙon. A ranar kishin nan ya shige ni, kuma bai fita ba har yau. Na koma Gaya ban ko furta abin da ya kawo ni ba.

Kada wani ya zaci daga farawa ya iya. Zanensa na farko maginin da kansa ya kankare shi. Na biyu ruwan bazara ya wanke. Ya kasance in aiki ya ɓaci, sai ya tsaya ya dube shi da irin idon nan na duba-gari, ya rushe da hannunsa ya sake. A hankali ya bar kwaikwayon zanen mutanen da, ya fara ɗauko nasa daga abin da yake gani a nan. Ku dubi bangon da ke bayana. Ga zangarniyar gero ta sunkuya. Ga ganyen gyaɗa ya bi gefen ƙofa. Waɗancan da ke sama ƙahonin shanun Malam Bubayero ne, har da na mai taurin kan. Mutumin da ya haura sittin bai taɓa zana ko da'ira don nishaɗi ba, shi ya yi wannan.

Daga nan sai aiki ya buɗe. Masu zuwa kasuwar Ajingi suka riƙa ratsowa su gani. Ya yi zaure a Ajingi, ya yi a Kademi, a gidan jikokin kawun nan nasa mai rijiya. Musbahu da ya ce a dawo da shi, shi ya koma ɗaukar hotunan aikin a waya yana nuna wa abokansa, har wasu suka taso daga Kano don su gani da idonsu.

Mu kuwa fa? Sai ran Juma'a muke ganinsa a majalisa, da ƙasa a farcensa. Muna lissafin waɗanda suka rasu, shi yana ba mu labarin wani rami mai jar ƙasa da ya gano, da abin da yake so ya gwada baɗi. Baɗi, jama'a. Mu a majalisar nan mun daɗe ba mu yi amfani da wannan kalma ba.

Ran nan na daure na ce masa ya kamata a ce ni ma ya yi mini ko da gefen ƙofa ne, tunda ni ne abokinsa na fari. Ya ce:

"Siminti ba ya jiran mai tunani, Usaini. Kafin in yanke shawara ya bushe. Wai ma wa ya ce ka rushe zauren babanka?"

Na ce, "Kai."

Ya ce, "To, da ba ka ji maganata ba."

Duk majalisa aka yi dariya, har da ni, amma na kwana da ita. Ya yi mini tayin in riƙa binsa in koyi kwaɓa laka. Na ce masa bayana na ciwo. Gaskiya na faɗa, yana ciwo. Sai daga baya Hajiya ta gaya mini cewa shi ma kullum sai an gasa masa nasa da ruwan zafi kafin ya iya miƙewa. Yau a duk faɗin Gaya, garin da aka yanke masa cibiya, babu bango ɗaya mai ɗauke da hannun Badaru.

Sauran labarin kun fi mu saninsa. Bayan girbin bana yana aikin bangon makarantar Islamiyyar matan nan, bayan la'asar ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya tako zuwa wannan zaure ya zauna. Kafin motar da ta ɗauko ni da Musbahu da Hajiya ta iso, rai ya yi halinsa, a hannun Malam Bubayero.

Mun zo ne mu tafi da shi. Har mun aika sallahu Gaya a fara haƙa kabari kusa da iyayensa. Mutanen Gafasa suka tsaya cirko-cirko, ba wanda ya yi mana musu, don sun san ba su da hurumi. Sai Hajiya Lami ta aiko daga cikin gida aka kira ni da Musbahu bakin ƙofa. Ta ce:

"Malam Usaini, Alhaji ya sha gaya mini, inda ajali ya same shi a nan za a rufe shi. Gaya ta samu aikinsa. Ku bar shi inda ya samu farin ciki."

Hajiya, kin yi gaskiya, kuma kin cika masa wasiyya. Amma ki sani maganar ta yi mana zafi, kuma ba ta daina ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da irin haƙurin da kika yi na wankin kayan laka ba tare da kin taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, na ja Malam Bubayero gefe na tambaye shi abin da marigayi ya faɗa a ƙarshe. Ya ce ya roƙi a jiƙa buhuna a rufe lakar da ya kwaɓa kada ta bushe, don gobe zai ƙarasa. Daga nan sai kalmar shahada. Sai na ce:

"Bai ambace ni ba?"

Malam Bubayero ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, da ya ambace ka da na faɗa maka."

Da ya so, da ya yi mini ƙaryar da za ta sanyaya mini rai, ba wanda zai sani. Bai yi ba. A nan na gane dalilin da ya sa Badaru ya riƙe shi aboki. Malam Bubayero, na gode, ko da yake har yanzu ina kishinka, kuma ina jin da shi zan mutu.

Amma kishin da ya fi wannan, na marigayin ne kansa. Mutum ya kusa saba'in, mutuwa ta zo ta same shi da aiki a hannu, da kalmar shahada a baki, da abin da yake ɗokin wayewar gari saboda shi. 'Yan uwana na gindin darbejiya, ku gaya mini, in yau aka zo ɗaukar ɗayanmu, me zai ce a rufe masa?

Musbahu, kai da ƙannenka, mahaifinku bai zubar muku da mutunci ba ran da ya shiga laka, ya ƙara muku ne. Ku riƙe mahaifiyarku, kuma ku riƙe mutanen garin nan, sun zama danginku.

Jama'ar Gafasa, kun samu dariyarsa, kun samu aikinsa, kun samu kabarinsa, ga shi ko taron tunawa da shi ma a ƙofarku aka yi. Ba mu zo ƙwace ba. Abu ɗaya muke roƙo: ginin ƙasa sai da kulawa. Kafin ruwa ya sauka ku duba rufi, ku gyara indararo, ku toshe tsaga. In kuka bari damina ta cinye wannan bango, mutanen Gaya za su ji, kuma a ranar ba kishi za mu zo da shi ba, ƙara za mu kai gaban Dagaci.

Muna godiya ga shugabanninmu da suka bar ayyukansu suka zo, da matan da suka kwana girki, da duk wanda ya taka ƙafa ko ya aiko da addu'a. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Badaru ɗan Abdulmumin. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa rayukan da ya tsare a bakin aiki su zame masa hujja. Ka sa ƙasar da ya tattaka da ƙafarsa ta yi masa sauƙi yanzu da ta rufe shi. Ka ba iyalansa dangana. Mu kuma da muka saura a gindin bishiya, kada ka ɗauke mu hannu sake. Ka ba kowannenmu abin da zai ce a rufe masa zuwa gobe, kuma ka sa mu cika da kyau da imani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.