Kyamarar Baba ta dawo lafiya ƙalau

Barka da war haka, Malam mai gabatarwa, da dukan masu sauraro. Rahila ce daga unguwar Romi.

Mahaifina ya daɗe yana ɗaukar hoton aure a cocinmu. Da ya manyanta, wana da ke Turai ya aiko masa da kyamara mai tsadar gaske, irin wadda za ka leƙa ka ga mutum biyu-biyu, ka yi ta murzawa har su haɗe. Ko ƙuda Baba ba ya bari ya sauka a kanta.

Bara hotunansa suka fara fitowa dishi-dishi. Ya ce kyamara ta lalace, muka aika wa kamfanin. Ta tafi da damina, sai bayan Kirsimeti ta dawo. Kullum na tuntuɓe su sai su yaba haƙurina. Ladabi kam, suna da shi.

Suka ce lafiyarta ƙalau. Na leƙa, na murza, fuskar Mama ta fito tar. Baba ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce, "Rahila, Turawan nan sun fara aikin banza."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Idonsa ne, Malam. Aurena wata mai zuwa ne, kuma ya ce shi zai ɗauke ni hoto. Na yarda, ko da ba za a gane amaryar ba. Amma yaya zan kai shi wurin likitan ido ba tare da na karya masa zuciya ba? Ku ba ni shawara.

Ina gaida Mama, wadda ta gane tun kafin mu aika, ta yi shiru.