Mutumin da Aka Goge Daga Gilashin Motar Asibiti

Mai girma shugabar wannan ƙungiya, Uwargida Marjorie Lindqvist. Mai girma sakatarenmu, Malam Duane Hoffmeister, wanda idonsa ba ya barci. Dattawanmu tsofaffin sojoji da suka ara mana wannan zaure nasu, suke kuma haƙuri da hayaniyarmu kowace shekara. Baƙinmu da suka keto ƙanƙara daga Green Bay da Milwaukee. Iyayenmu mata da suka soya kifin nan. Wanda ya dafa gahawar nan kuma, ko wane ne shi, Allah ya yafe masa. 'Yan'uwana masoya Tantin Likitoci, manya da ƙanana, barkanmu da yamma.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni wannan dama, ina godiya gare ku da kuka ajiye cokula kuka juyo. Bisa al'ada, aikina a wannan taro shi ne in sanar da wanda ya gano kuskuren shekara, in miƙa masa tsohuwar tasar asibitin nan da muke kira kambu, a tafa masa, a koma kan kifi. Bana ba zan yi haka ba. Bana na zo muku da labarin da tun ranar Asabar ya hana ni jin ɗanɗanon abinci, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ke yin haka ba.

Magana ta farko, don baƙinmu su san inda muka dosa. Mu mutane ne da muka ɗauki wasan barkwanci guda ɗaya na talabijin, na likitocin soja a tanti a ƙasar Italiya lokacin yaƙin duniya na biyu, muka mayar da shi abin nazari. An daina yin wasan tun wasunku ba su zo duniya ba, mu ba mu daina kallo ba. Muna son shi saboda ya ba mu dariya a wurin da dariya ba ta da mazauni, saboda ya nuna mana mutum na iya ɗinke cikin ɗan'uwansa da safe, ya saci wandon kanar da rana, ya zauna ya yi kuka da yamma, kuma duk mutum ɗaya ne. To amma mu soyayyarmu da mita take tafe. Mun san Kyaftin Brubaker ya ji rauni a ƙafar hagu a zango na biyu, ya yi ɗingishi da ta dama har wasan ya ƙare. Mun san alfadarin asibiti ya shiga tanti baƙi ya fito ja. Mun san a sararin samaniyar Italiya ta wancan zamani akwai farin layin hayaƙin jirgin saman da ba a ƙera ba sai bayan shekaru masu yawa. Duk lokacin da muke kallo tare, aka zo kan ɗaya daga cikin waɗannan, kowa ya ɗauki cokali ya doki kofinsa na ƙarfe. Na karanta tarihin ƙungiyoyi da dama, na addini da na siyasa, ban taɓa ganin wadda ta ɗore a kan ƙafar kyaftin ba sai tamu.

Magana ta biyu, ita ce abin da ya faru. Kun san shekara da shekaru Malam Duane yana aika wa kamfanin da ya mallaki wasan ƙorafinmu, kuma shekara da shekaru ko tari ba su yi mana ba. Mun saba da haka, har ma muna jin daɗinsa. Sai ga shi bana sun amsa. Sun ce sun gode. Sun ce sun fitar da sabon kwafi da kwamfuta ta wanke tas, kuma a ƙarshensa sun rubuta sunan ƙungiyarmu cikin waɗanda suka taimaka. Har da lambar yabo za su aiko mana, ta katako mai ƙyalli, wadda za mu kaɗa ƙuri'a a kanta yau.

Ranar Asabar da rana 'yan kwamiti muka taru a gidan shugaba don mu fara gani. Kowa da kofinsa, kowa da cokalinsa. Aka kunna. Kyaftin ya fito daga tanti, muka ɗaga cokula, sai ga shi yana ɗingishi da hagu. Da hagu, jama'a. Sun juya hoton. Alfadari ya shiga baƙi, muka sake ɗaga cokula, ya fito baƙi ƙirin kamar bai taɓa sanin wani launi ba. Muka dubi sama, sama fes, ko tsuntsu babu. Ku kwatanta a ranku: dattawa masu furfura, zaune a jere, cokula a sama, babu abin doka. Matar falke ta haifi jaki, abin nema ya samu, amma ban taɓa ganin masu samu sun yi tsit irin na ranar ba. Shugaba ta tambaya a hankali ko dai wani wasan ne aka aiko mana. Duane ya ce wannan ne, kuma ai abin da muka roƙa ke nan. Ya faɗi gaskiya, shi ne abin tashin hankalin.

Da a nan aka tsaya, da na ce asarar cokali ce kawai, mu nemi wata sana'ar. Ba a nan aka tsaya ba.

Magana ta uku. A zango na huɗu akwai kashin da ake sauke masu rauni daga motar asibiti cikin ruwan sama. Kun san shi, shi ne kashin da ko masu taurin rai ke neman hankici. In ƙofar motar ta buɗe, gilashinta yakan hasko wani mutum a tsaye bayan kyamara, da saje har haɓa, da baƙin tabarau, yana cin burodi mai nama a tsakiya, hankalinsa kwance, kamar ba yaƙi ake yi a gabansa ba. Ƙiftawar ido ce, ƙofa ta wuce, ya ɓace. Wannan shi ne sarkin kurakuranmu, shi ya fi shan cokali. Sababbin shiga, wannan mutumin sunansa Orrin Pawlak. Ɗan garin nan ne, ya je California yana saurayi ya yi aikin fitilu a wurin ɗaukar wasan, ya dawo gida ya buɗe shagon gyaran wuta, ya rasu shekarun baya. Matarsa ga ta can a teburi na kusa da taga, Mama Dolores, wadda kek ɗinta mai 'ya'yan itacen ceri ne kuke ta satar kallo.

Ita ta ba mu labarin ranar da aka ɗauki wurin. Ta ce darakta ya wanke shi tas, ya dawo gida yana cewa ta fara haɗa kaya, korarsa za a yi. Ba a kore shi ba, ba a kuma sake ɗaukar wurin ba, don ruwan saman na haya ne, ya ƙare. Daga nan har ya bar duniya, in an tambaye shi sana'arsa sai ya ce ɗan wasan talabijin ne mai gyaran wuta a gefe. Orrin ba mutumin hoto ba ne. Wanda ya rayu a bayan kyamara ba ya son gabanta. Wannan ƙiftawar idon ita ce kaɗai wurin da ya rage a duniya yana motsi. A nan jikokinsa suka san yadda yake tauna.

Mama Dolores tana tare da mu ranar Asabar. Aka zo wurin, ruwa na zuba, ƙofa ta buɗe, ta ɗaga hannu za ta gaishe shi kamar yadda ta saba. Gilashi ya hasko itatuwa. Itatuwa kyawawa, na Italiya sosai, ba ni da abin cewa a kansu. Hannunta na sama, ta juyo ta ce, "Duane, ina ya shiga?"

Duane, Allah ya ba shi lada, ya yi ƙoƙari. Ya ce, "Mama, ai an gyara wurin ne."

Ta ce, "An gyara? To Orrin ne ya lalace?"

Ta sauke hannu, ta dubi itatuwan, can ta ce ko da ma ta sha gaya masa sajen nan zai jawo masa wata rana. Muka yi dariya don ta ba mu izini, amma ba ta yanka kek ɗin da ta kawo ba ranar, da shi ta koma gida.

Wani zai ce ai tana da tsohon kaset. Tana da shi, na'ura ta tauna shi bara, daidai wurin, saboda wurin ne kaɗai take maimaitawa. Wani zai ce ai ana nunawa a talabijin. Daga watan gobe sabon kwafin za a riƙa nunawa, kamfani ya sanar, yana alfahari. Garin neman gira an rasa ido.

Ba na so kowa ya harari Duane. Ya rubuta abin da aka ce ya rubuta, kuma ya rubuta da kyau, da kyau fiye da kima. Kamfanin ma ban ce mugunta ya yi ba. Su dai ba su san mu ba ne. Ba su san akwai mitar da ake yi don a gyara, akwai mitar da ake yi don a samu abin zama tare ba. Matar da ta shekara arba'in tana ƙorafin minsharin mijinta, ranar da ɗakin ya yi shiru ba murna take yi ba. Su kuwa sun ji ƙorafi, suka kawo shirun, har da lambar yabo.

Saboda haka ga roƙona, guda biyu ne. Na ɗaya, in an zo ƙuri'a, mu ce wa kamfani mun gode, su riƙe katakonsu, su cire sunanmu, har sai sun mayar da Orrin Pawlak cikin gilashinsa, da sajensa, da tabaransa, da burodinsa. Kyaftin ya yi ɗingishi da duk ƙafar da suka ga dama. Na sani za a yi mana dariya, a ce ƙungiyar masu farautar kuskure ce ke roƙon a dawo mata da kuskure. A yi. Mun kalli wasan da ya koya mana cewa akwai abin da ya fi a yi maka dariya ciwo. Duane ya riga ya ce shi zai rubuta, kuma mun ga shaidar cewa alƙalaminsa na ci.

Na biyu ya fi gaggawa. Kamfani ya shekara talatin kafin ya amsa mana sau ɗaya, Mama Dolores kuwa ta haura tamanin, ita da kanta ta ce in faɗa. Ba ta nemi a yi faɗa da kowa ba. Da na raka ta mota ranar Asabar, abin da ta ce kawai shi ne in tambaya ko akwai mai tsohon kaset da bai lalace ba, za ta kalla ta mayar, ba za ta maimaita da yawa ba. Na san ku. Na san abin da ke cikin garejinku, na san akwatunan da matanku suka gaji da cewa ku zubar. Ku koma gida ku tona. Zango na huɗu, kashin ruwan sama. Wanda ya samu, kada ya kawo wa kwamiti, kada ya jira taro, ya kai mata gida.

Allah ya ji ƙan Orrin, ya ji ƙan duk waɗanda suka ba mu dariya suka riga mu tafiya. Allah ya ƙara wa Mama Dolores lafiya, ya nuna mata mijinta a kaset kafin ƙanƙarar nan ta narke. Allah ya saka wa masu zaure da masu suya da alheri, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Mu kuma, Allah ya bar mu tare, ya tsare mu daga masu saurin jin maganarmu.

Na gode.